Yadda Za Ka Taya Baba Haɗa Teburin Rauta a Gida Bayan Ya Yi Ritaya

Da zarar an ce rauta, mafi yawanmu ƙaramin akwatin nan mai raba intanet a gida ko ofis ne ke faɗo mana a rai. To, akwai wata na'ura mai irin wannan suna a wurin kafintoci, kuma ita ce batunmu a yau. Inji ne na hannu mai aiki da lantarki, ana yi wa bakin katako ado da shi, ana kuma fafe kwari a jikinsa. Lanƙwasar nan mai santsi da kake gani a bakin ƙofar kabad ko firam ɗin hoto, galibi aikinsa ne.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Ostareliya, sassaƙar katako na cikin abubuwan da dattawa ke runguma bayan sun ajiye aiki, kuma haɗa wa rauta teburi na cikin ayyukan farko da suke gwadawa. Shirin talabijin na The New Yankee Workshop, wanda Norm Abram ya gabatar a tashar PBS daga 1989 zuwa 2009, ya nuna yadda ake haɗa irin wannan teburi, kuma har yau ana kwaikwayon tsarinsa. A Ostareliya ma rumfuna ake buɗewa na musamman inda dattawa ke taruwa su yi aikin katako su yi hira, har aka kafa musu ƙungiya ta ƙasa a 2007.

A Najeriya, ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko ya cika 35 yana aiki. Da yawa daga cikin iyayenmu suna dawowa gida da sauran ƙarfinsu, ga wuni mai tsawo, ga fanshon da ba ya kai wata. Aikin hannu yana ɗebe kewa, yana kuma iya kawo ɗan na cefane. Kai kuma mai wayar hannu kana da rawar takawa: kai ne mai lissafi, mai duba bayanan inji kafin a saya, mai tabbatar da cewa yatsun Baba goma sun ci gaba da zama goma.

Yadda rauta ke aiki

Rauta mota ce ta lantarki mai gudun gaske. A ƙarshenta akwai wani ɗan maƙoshi na ƙarfe da ake kira kolet, shi ke damƙe haƙorin yanka, wanda kafintoci ke ce wa bit. Haƙoran iri-iri ne: akwai miƙaƙƙe na fafe kwari, akwai na kashe kaifin baki, akwai na zayyana. Gudun motar yakan kama daga juyi 8,000 zuwa 30,000 a minti ɗaya, gwargwadon samfurin. A juyi 24,000, haƙorin yana zagayawa sau 400 ke nan cikin daƙiƙa guda. Fankar silin da ke ɗakinka ba ta wuce 'yan ɗaruruwa a minti.

Idan katako babba ne, kamar ƙofa, sai a riƙe injin da hannu a bi jikinsa. Amma idan siriri ne ko ƙarami, injin ba ya samun wurin zama, sai ya riƙa karkacewa. A nan teburi ke shigowa. Ana kife injin a ƙarƙashin teburi, haƙorin ya leƙo sama ta wani rami, sai a riƙa tura katakon a kansa. Hannu biyu sun samu sarari ke nan, kuma idan firam ashirin za a yi, duk za su fito iri ɗaya.

Kafin a sayi inji

Abu na farko shi ne ƙarfin wuta. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 ne, Amurka kuwa 120. Injinan gwanjo da suka fito daga Amurka suna da arha kuma suna da kyan gani, amma idan aka jona su kai tsaye motar za ta ƙone nan take. Ka ɗauki hoton ɗan allon bayanin da ke jikin injin, ka buɗe shi da kyau a wayarka ka karanta kafin a biya kuɗi.

Na biyu, girman motar. Ƙaramar rauta irin Makita RT0700C tana da wat 710, tana gudu daga 10,000 zuwa 30,000. Ta isa yin firam da kashe baki. Matsakaiciya irin Bosch GOF 130 tana da wat 1,300. Manya kuwa suna haura wat 2,000. Ga mai farawa, tsakanin 1,200 da 1,600 ya wadatar. A fi son wadda ake iya rage mata gudu, da kuma wadda ke tashi a hankali ba da fizga ba. Ka tuna cewa ƙaramin janareton nan na kallon ƙwallo ba ya kai wat 1,000, kuma mota tana jan wuta fiye da ƙima a lokacin da take tashi.

Na uku, girman kolet. Akwai na inci: kwata, wato milimita 6.35, da rabi, wato milimita 12.7. Akwai kuma na mita: 6 da 8 da 12. A ido ba za ka bambance 6 da 6.35 ba, amma idan aka sa haƙori mai ƙafar milimita 6 a kolet na kwatan inci, ba zai damƙu da kyau ba, yana iya zamewa ana tsakiyar aiki. Ka rubuta girman kolet ɗinku a wayarka, duk ranar da za a sayi haƙori a duba.

Kayan da ake buƙata

Allon MDF ko filawud mai kaurin milimita 18. Cikakken allo ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, kuma rabinsa ma ya isa.
Katakon tu-bai-tiri ko tu-bai-fo busasshe, don ƙafafu da firam.
Faranti na roba mai ƙarfi irin akirilik, kaurin milimita 10, ko na alminiyam mai kaurin milimita 6 zuwa sama, girmansa kamar santimita 23 da 30.
Fomaika don saman teburi, gam na katako, sukurori, da kilam guda huɗu.
Makunnin tsaro, soket, da waya mai kauri.
Zarto, injin huda, tef na awo, sukwaya, da sanfefa.

A Kano za a samu allon a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, a Kaduna kuma masu aikin ƙarfe na Panteka za su iya yanka farantin alminiyam. Kowane babban gari yana da irin nasa. Idan masu sayar da allon suna da injin yanka, gara a ba su awo su yanka a can, domin yankan inji ya fi na hannu miƙewa.

Mataki na 1: Awo da zane

Faɗin saman teburi ya zama santimita 80, zurfinsa 60. Tsayinsa daga ƙasa kuwa tsakanin 85 da 90, amma ma'auni na gaskiya shi ne jikin mai aikin. Baba ya miƙe tsaye ya saki hannuwa, ka auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa, sai a yi teburin kusa da haka. Gajeren teburi ciwon baya yake jawowa, dogo kuma yana hana mutum danna katako da ƙarfi.

Yawancin bidiyon koyarwa daga Amurka da inci suke magana. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka mayar da komai zuwa milimita tun farko, ka tsaya a kansa har ƙarshe. Cakuɗa awo biyu shi ke sa a yanka allo a banza. Akwai manhajoji irin su CutList Optimizer da za ka ba su girman allo da gutsattsarin da kake so, su zana maka yadda za a yanka ba tare da asara mai yawa ba.

Mataki na 2: Saman teburi

A yanka allo biyu masu girman 80 da 60, a shafa gam ko'ina, a haɗa su, a ɗora nauyi a kai su kwana a wuri mai shimfiɗa. Kaurin ya koma milimita 36 ke nan. Dalilin ninkawa shi ne inji mai nauyin kilo huɗu ko shida zai rataya a tsakiya na shekaru, kuma allo ɗaya yakan lotsa a hankali. Teburin da ya lotsa ba ya ba da yanka mai zurfi ɗaya.

Bayan nan sai a manna fomaika a sama domin katako ya riƙa zamewa cikin sauƙi. MDF ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, kumbura yake yi. Don haka a shafe bakunansa da ƙasansa da fenti ko banish kafin damina ta same shi.

Mataki na 3: Faranti da gurbinsa

Me ya sa ba za a ɗaure injin a jikin allon kai tsaye ba? Saboda kaurin milimita 36 zai cinye tsawon haƙorin, ba zai leƙo sama yadda ake so ba. Faranti siriri ne, kuma ana iya ɗago shi da injin gaba ɗaya idan za a canja haƙori.

A ƙasan kowace rauta akwai wani faifan roba da aka ɗaure da sukurori. A kwance shi, a ɗora shi a tsakiyar faranti, a yi alamar ramukansa. Shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. A huda ramukan, a faɗaɗa bakinsu ta sama yadda kan sukuru zai nutse, kada ya karce katako. Ramin tsakiya ya zama kamar milimita 35 zuwa 40, wato ya ɗan fi haƙorin da za a fi amfani da shi faɗi. Za a buƙaci sukurori masu irin zaren na asali amma da suka fi su tsawo, saboda haka a tafi da na asalin kasuwa.

Sai a ɗora farantin a kan teburi a zana kewayensa. A sake zana wani layin a ciki, milimita 12 daga na farko, a yanke na cikin ya fita gaba ɗaya. Abin da ya rage tsakanin layukan biyu shi ne dakalin da faranti zai zauna. A matse miƙaƙƙun katakai da kilam su zama jagora, a fafe dakalin da ita kanta rautar, zurfinsa ya ɗan wuce kaurin farantin kaɗan. Daga ƙasa sai a sa sukuru a kowace kusurwa, ana murɗa su ana ɗaga farantin har ya zo daidai da saman teburi. Gwajin shi ne a zamar da guntun katako a kan mahaɗar. Idan ya yi tuntuɓe, da sauran gyara.

Mataki na 4: Ƙafafu

A haɗa firam mai ƙafa huɗu, da katakan da suka ɗaure su ta sama da ta ƙasa. A bar gaba a buɗe domin hannu ya kai ga injin, motar kuma ta sha iska. A yi kanta a ƙasa a ɗora akwatin kayan aiki ko bulo biyu, nauyin zai rage girgiza. Manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, a Android ma akwai irinsa da yawa a Play Store. Sun isa a gane ko teburi ya karkata. Amma don gane ko samansa ya lotsa, dogon ƙarfe miƙaƙƙe za a ɗora a leƙa ko haske na wucewa ta ƙarƙashinsa.

Mataki na 5: Shinge

Shinge shi ne katakon da abin da ake yankawa ke jingina da shi. A yanka allo biyu, tsawon kowanne santimita 80, faɗinsa 10 zuwa 12. A haɗa su, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, a ƙarfafa bayansu da 'yan katakai masu kusurwa uku, a tabbatar da sukwaya cewa sun yi digiri 90. A tsakiya a yanke ƙofa inda haƙori zai fake. Kilam biyu, ɗaya a kowane gefe, sun isa su riƙe shingen.

Ga wani sauƙi da teburin rauta ke da shi: ba dole ne shinge ya yi layi ɗaya da bakin teburi ba. Haƙorin a wuri guda yake juyawa, don haka tazarar da ke tsakaninsa da shinge kaɗai ce abin lura. Idan ana son ƙara milimita ɗaya, sai a sassauta kilam ɗaya a ɗan matsar da gefe guda.

A bayan ƙofar shingen a yi ɗan akwati mai rami da za a soka bututun injin zuƙe ƙura. A samanta kuma a ɗaura guntun roba mai haske ya rufe kan haƙori.

Mataki na 6: Wuta da makunni

Wannan matakin ya fi shafar mu fiye da Turawan da ke koyarwa a bidiyo. Ka ɗauka ana cikin aiki aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya, Baba ya manta bai kashe makunni ba, ya kai hannu yana share garin katako a gefen haƙori, sai aka kawo wuta. Maganin wannan shi ne makunnin da ake kira NVR. Yana da maɓalli kore da ja, kuma da zarar wuta ta ɗauke yakan kashe kansa, ba zai sake tashi ba sai an danna koren. A ɗaura shi a gaban teburi inda hannu ko gwiwa za su kai gare shi cikin gaggawa.

Injin wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, saboda haka sirirarar wayar cajin waya da fanka ba ta aikin nan. A kira mai gyaran wuta ya yi haɗin, ya kuma tabbatar da wayar ƙasa.

Ka'idojin da ba a wasa da su

Idan ka kalli teburin daga sama, haƙori yana juyawa ne saɓanin hannun agogo. Don haka katako daga dama zuwa hagu ake tura shi, yadda zai riƙa karo da juyin haƙorin. Idan aka turo daga hagu, haƙorin zai fizge katakon ya harba shi, hannu kuma ya bi baya. Ka zana kibiya da maka a jikin shinge don tunatarwa.

Kada a taɓa bi da katako ta tsakanin shinge da haƙorin da ke cin gefensa. Haƙori a cikin ƙofar shinge yake zama, abin da ake buƙata kawai ke leƙowa.

Babban haƙori yana son ƙaramin gudu. Mai faɗin milimita 25 a juyi 24,000, bakinsa yana tafiyar kusan kilomita 113 a awa. Mai faɗin 75 a wannan gudun zai kai kusan 340. Shi ya sa ake saukar da mai faɗin 50 zuwa wajen 18,000, mai 75 kuma zuwa wajen 12,000. Abin da kamfani ya rubuta a jikin kwalin shi ne abin bi.

A zare filogi daga soket kafin a taɓa haƙori. A cusa aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafarsa cikin kolet, amma kada ta dunguri ƙasa, a ɗago ta milimita 2 ko 3 sannan a ɗaure.

A riƙa ci kaɗan-kaɗan, kamar milimita 3 a kowane zuwa, musamman a katako mai tauri irin maɗaci da iroko. Sannu ba ta hana zuwa. Tsohon katako kuma a bincika shi da kyau, ƙusa ɗaya ta isa ta fasa haƙori.

Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, mayafi, zobe, carbi a wuyan hannu, duk a ajiye su gefe. Safar hannu ma ba a sa ta, domin haƙori na iya kama ta ya ja yatsa. Yatsu su yi nesa da haƙori da aƙalla santimita 15. A yi amfani da katakon turi mai mariƙi, da kuma mataji, wato allon da aka tsattsaga bakinsa kamar haƙoran matajin kai, aka matse shi da kilam yana danna katako zuwa shinge.

Ido da kunne da hanci duk suna buƙatar kariya. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman a hanci. Ƙurar MDF kuwa laushi gare ta kamar gari. A sa takunkumi mai tace ƙura, a yi aiki a wuri mai iska. Ƙarar rauta tana wuce desibel 85, wanda daga nan ne doguwar hayaniya ke fara cutar da ji. Ka gwada da manhajar auna ƙara a wayarka ka nuna wa Baba lambar, zai fi saurin yarda ya toshe kunne.

Aikin gwaji: madogarar waya

A samu katako mai tsawon santimita 40, faɗin 8, kaurin 2.5. A sa miƙaƙƙen haƙori na milimita 12, a ja shinge baya kamar santimita 2.5 daga haƙorin. A fafe kwari a tsawon katakon, milimita 3 a kowane zuwa, sau huɗu, har zurfin ya kai 12. Idan wayar mai kauri ce da rigarta kuma ana son faɗaɗa kwarin, shingen za a ƙara ja baya ya nisanci haƙori, ba a matso da shi ba. Daga nan a canja haƙori a kashe kaifin bakunan, sannan a yanka katakon gida huɗu da zarto, a goge da sanfefa. An samu madogara huɗu ke nan.

Ka lura da jerin: an gama aikin inji a kan dogon katako tukuna, sannan aka gutsuttsura. Guntun da bai kai santimita 30 ba bai kamata a tura shi da hannu tsirara ba.

Rabon aiki

Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin da ya yi shekara 35 yana aiki yana da haƙuri da natsuwar da aikin katako ke buƙata. Naka shi ne lissafi, karanta littafin inji, fassara masa bidiyo, da ɗaukar hoton abin da ya ƙera a sa a WhatsApp ko Facebook idan yana son masu saye. Idan akwai kafinta a unguwa da ya saba da rauta, a roƙe shi ya tsaya tare da ku a ranar farko. Kuma a kulle makunnin ko a ɗauke filogin duk lokacin da aka tashi, saboda jikoki.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. Allah ya tsare, ya sa albarka a abin da za a ƙera.